Amshin da Amarya Ta Bari

Saura sati uku bikin 'yarsa Khaulat, Malam Mijinyawa ya sauko da gurminsa daga ƙusar da ya rataye shi wata goma sha huɗu da suka wuce. Ya goge shi da hannun riga, ya ɗaure tsirkiya, ya fito gindin gwaibar tsakar gida bayan la'asar kamar yadda ya saba a da. Yatsunsa ba su manta komai ba. Muryar ma tana nan, ta ɗan dushe ne kawai. Ya kai ƙarshen baiti na farko lafiya lau. Daga nan hannunsa ya tsaya cak, kamar an riƙe shi ta baya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Sau bakwai ya gwada a ranar, har aka kira magariba bai shiga baiti na biyu ba.

Wanda ya san Malam Mijinyawa a waje ba zai ce ya taɓa riƙe abin kiɗa ba. Ɗan Angwan Iya ne, daga gidan da aka sani da karatu. Kakansa limami ne, mahaifinsa kuma ya tsufa yana biya wa manya littattafai a zaure. Shi ne aka kai boko, ya koyi buga tafireta, ya yi shekara talatin da biyar a sakatariyar ƙaramar hukuma. Da kwamfuta ta zo aka mayar da shi ɗakin fayil, a can ya yi ritaya. Gajere ne, mai tsabta, ba ya ɗaga murya, kuma har yau rabin garin Akawu suke kiransa.

Gurmin ya same shi ne yana saurayi. An tura shi ƙauyen Jigwada kai takarda, ruwan sama ya tsare shi a rumfar wani tsohon Bagwandare da ke kaɗa wa kansa gurmi yana jiran ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, Mijinyawa bai tashi ba. Shekara biyu ya yi yana komawa duk Asabar a kan keke. Ranar da mahaifinsa ya ga abin a ɗakinsa, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Mu ba maroƙa ba ne. In ka ga dama ka kaɗa, amma kada sautinsa ya wuce zaure, kada kuma ka miƙa wa kowa hannu." Mahaifin ya rasu shekaru da yawa, Mijinyawa bai taɓa karya wannan sharaɗi ba.

To, mai waƙar da ba ya fita waje ba shi da 'yan amshi. Waƙa irin tasa kuwa ba ta tafiya sai da su. Ba rubuta ta ake yi ba. Mai waƙa ya jefa baiti, 'yan amshi su karɓa, a ɗan tsakanin nan shi kuma ya ja numfashi ya ƙera baitin gaba. Ko tsohuwar waƙa ce, kowace rana da yadda take fitowa. Mijinyawa ya yi ta fama shi kaɗai, yana baiti yana amsa wa kansa, har aka kawo masa Sakinatu daga Yara. Bai taɓa kiran sunanta ba. Amarya ya ce mata ranar farko, Amarya kuma ta zauna shekara talatin da uku, har jikoki suka taso suna zaton sunanta ke nan. Tun rasuwarta ya rataye gurmin.

Suyar gyaɗa take yi, tana durawa a kwalabe ana kai wa masu shaguna wajen jami'a. Lokacin da yake kiɗa shi ne lokacin da take murza gyaɗar tana sheƙe ɓawo a faifai, a bakin madafi, ta ba shi baya. Wata rana, watansu huɗu da aure, ya kai ƙarshen baiti sai ya ji an karɓa daga can. Bai juya ba, ita ma ba ta juyo ba. Haka suka ci gaba. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba, kamar dukansu suna tsoron in aka ambata abin zai lalace.

Waƙoƙin da suka yi tare sun fi arba'in, babu wadda aka taɓa ji a wajen gidan, sai dai maƙwabta ta kan katanga. Ɗaya daga ciki ita ce ta Auta, wadda ya fara ranar sunan Khaulat, a tsakiyar damina. Ya ce, "Ruwa ya sauka, ke ma kin sauka, wa zan fara yi wa maraba?" Amarya ta amsa daga ɗakin jego, "Zauna daram, 'yar ƙarshen gida, zauna daram, ba inda za mu." Baitocin sun yi ta ƙaruwa yadda yarinyar ke girma, amshin dai bai sauya ba.

Shi ya sa da aka sa ranar aurenta, Khaulat ta durƙusa gabansa da kwanon abinci ta ce, "Baba, ni ba na son gado na Dubai, ba na son komai. Waƙata nake so ka yi mini ranar yini, a ƙofar gida, kowa ya ji."

"Auta, ke kin san sharaɗin kakanki."

"Na riga na je wajen Gwaggo."

Gwaggo ita ce Hajiya Huraira, yayarsa, wadda ta rage babba a gidan. Da ya je da kansa, ta kalle shi ta saman tabarau ta ce, "Cewa Baba ya yi kada ka miƙa hannu. Zancen zaure kuwa, zauren ma ai an rushe shi an yi shago. Ka yi wa marainiya waƙarta. Duk wanda ya taso zai yi maka liƙi, ni zan kore shi da sandata."

Ya koma ya tambayi Khaulat wa zai yi amshi. Ta sunkuyar da kai. "Babu kowa, Baba. Wurin Inna ne. Kai kaɗai za ka yi."

Ya amsa ba tare da tunani ba, don bai taɓa hana ta komai ba. Sai ga shi sati guda ya wuce yana tsaye a bakin baiti na biyu.

Ya gwada dabarun da ya sani. Ya ciro tsohuwar tafiretar da aka ba shi kyauta ranar ritaya, ya buga baitocin goma sha ɗaya tsaf, ya jingina takardar a jikin gwaiba. Idonsa na ganin baiti na biyu, bakinsa ya ƙi buɗewa. Ya gwada tsallake gurbin amshin, daga baiti ya faɗa baiti, numfashi ya ƙare masa, waƙar kuma ta koma kamar ana karanta sanarwa. Ya gwada yin amshin da kansa, ya ce "Zauna daram," ya kasa ƙarasawa. Ya sauya wuri, ya koma ɗaki, ya koma bayan gida. Ya sha zuma da citta. Ya yi addu'a. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda hannun ya fara tsayawa tun kafin wurin, kamar jakin da ya hango ramin da ya taɓa faɗawa.

Ranar Talata ta sati na biyu Israel ya zo. Tsohon direban sakatariya ne, ɗan ƙabilar Eggon, dogo, mai faɗin baki. Shi ne ya yi shekara ashirin yana rage wa Akawu hanya, shi ne kuma ya tuƙa motar da ta kai Amarya asibiti. A majami'arsu shi ke busa ƙaho tun yana yaro. Ya zauna a kan turmi ya saurara sau biyu, ya ce, "Akawu, wannan ai ƙaramin abu ne. Injin lafiya yake, giya ce ba ta shiga. Bari in yi maka Madam, ka ga ko za ta shiga."

"Kai? Da wannan muryar taka ta tsohuwar tifa?"

"Tifar nan ta kai ka garin Lafiya sau nawa? Kaɗa mu ji."

Ya kaɗa. Ya kai ƙarshen baiti, Israel ya buɗe baki ya saki amshin da ƙarfinsa, kajin gidan suka watse. Mijinyawa ya yi dariya har ya riƙe ciki, dariyar da bai yi ba tun rasuwar. Israel ya ji daɗi, ya ce a sake. A karo na biyu tari ya sarƙe shi a tsakiya, amshin ya yanke a "ƙarshen gida". Mijinyawa ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, wata magana ta zo har kan harshe, ya danne ta. Ya ajiye gurmin a tabarma.

"Lafiya, Akawu?"

Mijinyawa ya girgiza kai. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

A shekararta ta ƙarshe, amshin Amarya ya fara gajarta. Da takan ja shi har ƙarshe, ta ƙara masa wutsiya, shi kuma ya samu sarari ya gyara baitinsa yadda yake so. Sai ta fara yanke wutsiyar. Daga baya ta fara tsayawa a rabi. Shi bai ji komai a ciki ba sai cewa lokacinsa ya ragu, ana tura shi baiti bai gama shiri ba. Ya ji haushi. Ba tare da ya juya ba yakan ce, "Ja shi mana, Amarya. Saurin me kike yi?" Takan ce, "To, Malam." Ta ja na gaba, na bayansa ya sake gajarta. Kusan wata bakwai yana faɗin haka. Ranar da ta faɗi a bakin madafi, likita ya ce zuciyarta ta daɗe da kumbura, ruwa ya taru a huhu, ya tambaye shi ko bai lura numfashinta na yankewa ba. Kwana tara ta yi a gadon asibiti.

"Shekara talatin da uku tana amsa mini," in ji Mijinyawa, "ban taɓa sauraron ta ba, Israel. In ta fara, ni na tafi neman baiti. Kullum tana gaya mini ba ta da lafiya, a gabana, da muryarta, ni kuma ina cewa ta ja. Yanzu duk na zo wurin nan ba ita nake ji ba. Ni nake ji."

Israel bai ce ƙaddara ce ba, bai ce ya yi haƙuri ba. Ya cire hularsa ya riƙe. Khaulat ce ta fito daga ɗaki, da lalle a hannu ɗaya, ashe duk tana ji.

"Baba, ni na sani," ta ce. "Nakan ga ta dafa bango in ka shiga baiti. Na ce zan gaya maka, ta ce in na kuskura ba ta yafe ba. Ta ce in ka sani za ka rataye gurmin, ita kuma duk yinin Allah wannan lokacin ne kaɗai take mantawa da ciwon."

Ya kalle ta. "Da na saurara, da na kai ta asibiti tun wata bakwai baya."

Babu wanda ya ce masa ba haka ba ne. Khaulat ta tsuguna kusa da shi tana kuka, tana ɗaga hannun lallen don kada ya ɓata masa riga. Can ta ce, "In ba za ka iya ba, Baba, a bari. Wallahi na yafe."

"Ban ce ba zan yi ba," ya ce. Amma bai san yadda zai yi ba.

Washegari Israel ya dawo da wata tsohuwar takarda ta masu busa, duk ta yi ja. Ya nuna masa wasu alamomi a tsakanin layuka. "Ka ga wannan? Ba busa ba ce. Shiru ne. Mu a wajenmu shiru ma rubuta shi ake yi, kuma ƙirga shi ake yi. In ka ga mai ƙaho ya sauke ƙaho, ba hutawa yake ba, yana cikin waƙar. Kai kana ta neman abin da za ka cusa a wurin Madam. Kada ka cusa komai. Nawa ne tsawonsa?"

Mijinyawa bai sani ba. Wannan ma ya ƙona masa rai. Khaulat ce ta ɗauko faifan uwarta daga jikin bango, ta zuba gyaɗa, ta zauna a bakin madafi ta ba shi baya. Ba ta yi waƙa ba. Ta sheƙa kawai, yadda hannunta ya koya tun tana ƙarama, tana bin amshin a zuci. Suka ƙirga. Bugun faifai goma sha biyu.

"A watanninta na ƙarshe fa?" Mijinyawa ya tambaya.

Ta ajiye faifan. "Biyar, Baba."

Daga ranar ya daina gwada waƙar. Gurbin kaɗai yake gwadawa. Ya faɗi kalmar ƙarshe ta baiti, ya bar babban yatsa yana taɓa tsirkiyar ƙasa a hankali, sau goma sha biyu, ya tsaya. Bai nemi baiti na gaba ba. Israel ya ce kada ya nema, ya zauna a cikin wurin kawai ya ji abin da ke ciki. Kwanakin farko abin da ke ciki muryarsa ce, tana cewa a ja. Ya bar ta ta faɗa, bai gudu ba, yatsan na tafiya. Ran na huɗu, a bayan muryar tasa, ya fara jin wasu abubuwa: kukan kurciya, babur a titi, yadda Amarya kan ɗan ɗaga murya a kan "daram" na biyu kamar tana tsokanarsa. Bai san ya san wannan ba. Ashe kunne ya ajiye abin da mai shi bai kula ba. Ran na shida, yana kai goma sha biyu, baiti na biyu ya fito da kansa. Ya tsaya a na huɗu. Washegari ya tsaya a na bakwai. Har jajibirin biki bai taɓa kai ƙarshenta ba.

Ranar yini aka kafa rumfuna a ƙofar gida, aka tare layin. Dangin ango sun zo daga Yara da Abuja, mata sun cika wuri da anko ruwan ganye. Bayan la'asar mai gabatarwa, wani Taufiq mai yawan surutu, ya ce uban amarya zai yi wani abu. Aka yi ta kallon juna. Mijinyawa ya fito da farar riga, ya ƙi kujera, aka shimfiɗa masa tabarma. Hajiya Huraira ta matso da kujerarta gefensa, ta gindaya sandarta a cinya. Khaulat na zaune a gaba cikin lulluɓi.

Ya fara. "Ruwa ya sauka, ke ma kin sauka, wa zan fara yi wa maraba?" Sai ya yi shiru, tsirkiya ɗaya na tafiya. Taufiq ya zaci na'ura ce ta ɗauke, ya zabura zai sa kiɗa ya rufe wurin. Israel ya kama masa hannu ya mayar da shi kujera. "Zauna, ɗana. Ba a gama ba." Baƙi suka fara 'yan maganganu. Amma matan layin, waɗanda suka yi shekaru suna ji ta kan katanga, sun gane wurin wa aka bari. Wata ta sa gefen mayafi a baki. Babu wadda ta amsa. Kafin gurbi na uku wurin ya yi tsit, har ana jin janareton can ƙarshen layi.

Ya wuce na huɗu. Ya wuce na bakwai, inda ya saba tsayawa. Ya yi baitin ranar da Auta ta fara tafiya ta faɗa cikin kwanon gyaɗa, aka yi dariya, dariyar ta mutu a cikin shirun da ya biyo baya. Kowane gurbi yana ba shi goma sha biyunsa cif, gumi na zuba ta ƙarƙashin hula.

Da ya gama baiti na goma, saura ɗaya, ya shiga gurbi na ƙarshe. Ɗaya, biyu, uku. A nan ya ji ta sosai, ba Amaryar da ke da wutsiyar amshi ba, ta ƙarshen, wadda ke dafe da bango. Huɗu. Biyar. Bai jira sauran ba. Ya shigo da baitinsa a kan na biyar, da sauri, a tausashe, yadda mai waƙa ke karɓar ɗan amshin da ya ga ya gaji. Abin da ya kamata ya yi ke nan tun wancan lokaci. Mutum biyu ne kaɗai a wurin suka san abin da ya faru. Israel ya sunkuyar da kai. Khaulat ta kife fuska a cinyar ƙawarta.

Ya kai ƙarshen waƙar. Wani daga dangin ango ya taso da sababbin kuɗi a hannu, Hajiya Huraira ta ɗaga sanda, ya koma. Mijinyawa ya naɗe gurminsa a cikin riga ya shige gida kafin a fara tafi.

Kafin magariba aka tafi da amarya. Washegari masu rumfa suka kwashe kayansu, baƙi suka watse, aka share tsakar gida. Da la'asar ta yi ya fito gindin gwaiba da gurmin, don jiki ya saba. Faifan na rataye a inda Khaulat ta mayar da shi. Ya zauna yana fuskantar bakin madafi, abin da bai taɓa yi ba a shekara talatin da uku. Ya ɗora gurmin a cinya, bai taɓa tsirkiyar ba, har aka kira salla.